Yaro Naƙasasshe Amana Ne A Wuyan Malami

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malamin makaranta ya gabatar ga 'yan'uwa matasa a Dogarawa, Sabon Garin Zariya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malamin ya fara da cewa duk wanda ya bi ta Kwangila da safe zai ga yara makafi da guragu suna bara a daidai lokacin da tsararrakinsu ke cikin aji. Ya ce an saba da ganin haka har an ɗauka ƙaddararsu ke nan, alhali naƙasar ce ƙaddara, jahilcin kuwa mutane ne suka ɗora masu.

Ya tunatar da cewa Suratu Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishawa. Wannan sahabi ya zama ladani tare da Bilal, kuma sau da yawa shi ake bar wa Madina in an fita yaƙi. Haka Ƙatada bin Di'ama, malamin tafsiri, da Imam Shaɗibi, wanda har gobe ake karanta littafinsa na ƙira'o'i, dukkansu makafi ne. Ya ce da malamansu sun kore su, da al'umma ta yi babbar asara.

Daga nan sai ya juya kan dokokin ƙasa. Ya ce dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, ba ta ware kurma ko gurgu ba. Sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi wanda ya san aikin koyar da su. Mutumin da ya nuna masu bambanci zai iya biyan tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. An ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika a 2024. Sai ya ce kowa ya duba makarantar unguwarsu ya gani ko keken guragu zai iya shiga aji.

Malamin ya ci gaba da cewa hanyoyin koyarwar ba baƙi ba ne. Rubutun makafi na Braille, mai ɗigo 6, wani makaho Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi tun 1824. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, ga kuma ta Tudun Maliki a Kano. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni. Amma waɗannan makarantu kaɗan ne, kuma talakan Dogarawa ko Samaru ba zai iya kai ɗansa nesa ba. Don haka nauyin ya dawo kan malamin firamare da na Islamiyya da ke kusa.

A nan ne ya lissafa abubuwan da ke kan malami. Na farko, lura. Yaron da ba ya amsawa in an kira shi, ko yake matse ido in ya kalli allo, wataƙila ba daƙiƙi ba ne. Ƙyanda da sanƙarau, irin annobar 1996, sun bar yara da yawa da raunin ji ko gani. Kafin bulala, a kira iyaye a ba su shawarar asibitin Shika, ko cibiyar ido da ta kunne da ke Kaduna.

Na biyu, tsarin aji. Mai raunin ji a zaunar da shi gaba, malami ya fuskance shi in yana magana, kada ya yi bayani ya ba shi ƙeya. Abin da aka rubuta a allo a karanta shi da ƙarfi saboda mai raunin gani. In akwai gurgu, ajinsa ya kasance a ƙasa, kusa da ban-ɗaki.

Na uku, harshe. A kira yaro da sunan da ubansa ya raɗa masa. In malami ya ce "kai kurma", gobe duk ajin haka za su ce, jibi yaron ya daina zuwa.

Daga ƙarshe ya fuskanci matasa, ya ce da yawansu suna koyarwa a Islamiyyu, saboda haka maganar tasu ce. Kowa ya bi layinsu ya gano yaran da aka ɓoye a gida, ya zauna da iyayensu cikin ladabi. Masu ƙarfi su haɗa kuɗin siminti a yi gangara a ƙofar makaranta, wasu su ɗauki nauyin tura keke safe da yamma, wasu su koyi maganar hannu. Ya ce sadakar Naira ashirin a bakin titi tana ƙarewa kafin azahar, amma yaron da aka koya wa karatu ya bar bara ke nan.

Ya rufe da addu'ar Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana. Wassalam.