Ciwon Kai na Farkon Azumi

Yau za mu duba ciwon kan nan da ke kama mutane a kwanakin farko na Ramadan, wanda ke tasowa wajen azahar, ya ɗaure goshi tamau har la'asar sakaliya.

Yunwa muka fi ɗora wa laifi, kuma tana da nata kason, haka ƙishirwa da ƙarancin barci. Amma ga mutane da yawa, tushen abin goro ne da shayi da kofi. Duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma jikin da ya saba da shi, in aka yanke masa, cikin awa 12 zuwa 24 kai yake fara sarawa. Dattijon da goro ba ya rabuwa da aljihunsa ya san wannan ciwo sarai.

To, ko a sha magani da sahur don rigakafi? A nan nake so mu natsu. Farasitamol aikinsa awa 4 zuwa 6 ne kawai. Ka sha shi ƙarfe 5 na asuba, kafin azahar ya gama aiki, daidai lokacin da ciwon ke tasowa. Akwai maganin da ke daɗewa a jiki, etoricoxib, wanda ake sayarwa da sunan Arcoxia. Wani bincike da mujallar Headache ta wallafa a 2012 ya nuna yana rage wannan ciwo ga masu azumin Ramadan. Sai dai yana iya ɗaga hawan jini, bai kuma dace da mai ciwon zuciya ba, don haka sai da izinin likita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu zuwa kemis su sayi ibuprofen ko diclofenac suna haɗiya kowace asuba. Waɗannan suna tayar da gyambon ciki, kuma a jikin da zai wuni babu ruwa cikin zafin bazara, ƙoda ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Maimakon haka, tun daga Sha'aban a fara rage goro da shayi kaɗan-kaɗan. A jinkirta sahur, a riƙa kurɓar ruwa tsakanin buɗa-baki da asuba.

In kuwa ciwon ya zo da amai, ko gani dishi-dishi, ko ruɗewa, musamman ga mai ciwon suga ko mai juna biyu, a sha ruwa a garzaya asibiti. Addini ya ba mara lafiya damar ramawa daga baya.