Sannu Ba Ta Hana Zuwa

Shugaba, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Kun san ni, manomin shinkafa ne a Bunkure, ruwan Tiga ne rufin asirina. To, bara ɗana ya ce kiɗan jita zai yi, shi da abokansa. Kwana uku ban yi masa magana ba.

Abin da ya sauko da ni labarin Tal National ne, makaɗan jita na Yamai. Almeida ya kafa ƙungiyar a 2000. Shekara da shekaru suna kiɗa dare biyar a mako, suna sayar da faifansu a bakin titi. Sai a 2013 faifansu Kaani ya shiga kasuwar duniya, har suka kai Amurka. Shekara 13 ke nan! Ashe su ma irin namu ne, ba a dashe yau a yi girbi gobe.

Na gindaya wa yaron sharaɗi, kada karatu ya faɗi. Roƙona, ku ba su minti 30 a taronmu na baɗi. In ba su iya ba, ku gaya musu a gabana.