Motar da Aka Saya Ba a Gani Ba: Hukuncinta da Abin da Ya Kamata Ranar Isowarta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na yau yana cikin babin ciniki, kuma tambayar wani mai saurare ce ta jawo shi. Ya ce ya aika da kuɗi bakin teku an saya masa mota, hoto kawai ya gani a waya, ga ta nan a kan hanya za ta iso kafin Salla. Yana son ya san abin da shari'a ta ba shi da abin da ta ɗora masa.

Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ƙasarmu ba ta da teku. Yawancin motocin da muke hawa tsofaffi ne daga Turai da Amurka, jirgin ruwa ya sauke su Kwatano ko Lome. Shekara da shekaru ta Malanbil da gadar Gaya suke shigowa, su bi Doso, su rabu zuwa Yamai ko Ƙonni da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Daga 2023, da waccan iyaka ta rufe, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina. Ko ta ina ta biyo, mota tana ratsa hannuwa da yawa kafin ta iso: mai sayarwa, dillali, mai fitar da takardu, direban babbar motar da ta ɗauko ta.

Kafin mu shiga hukunci, ga abin da aka taɓa kawo mini a zaure. Wani bawan Allah ya tara kuɗi shekaru, ya ba ɗan wansa da ke zaune can ya saya masa mota. Ta iso cikin goman ƙarshe na azumi, bayan sallar asham. Yara suka kewaye ta, maƙwabta suka zo barka. Direba ya miƙo takarda, ya sa hannu, ya ba shi goro, ya sallame shi. Na tambaye shi: "Alhaji, ka buɗe murfin inji?" Ya ce: "Malam, ɗana ne ya saya, ina jin nauyin a ce ina bincikensa." Kashegarin Salla ya ɗebi iyali za su gaida tsohuwa a ƙauye, inji ya ɗau zafi ya tsaya a daji. Makaniki ya duba ya sami ruwa cikin baƙin mai, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya sami busasshen laka. Mai sayarwa ya ce lafiya lau ta bar wurinsa. Direba ya ce yadda aka loda masa haka ya sauke. Yaro ya ce ga hotuna. Babu shaida ko ɗaya, sai rantsuwa. Kuɗin an yi haƙuri da su, amma wa da ƙane sun shekara ba su shiga gidan juna ba. Awa guda da rana tsaka, gaban mutum biyu, da ta hana wannan duka.

Mas'ala ta farko: shin cinikin ya halatta? Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana cinikin garar, wato wanda ba a san ƙarshensa ba, irin wanda Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Don haka malamai suka yi saɓani game da abin da ba ya wurin ciniki. Imamu Shafi'i, a maganarsa ta baya, ya hana. Imamu Abu Hanifa ya halatta, ya ba mai saye zaɓi idan ya gani, ko ya karɓa ko ya fasa. Mazhabarmu ta Imamu Malik ta halatta shi a bisa siffa, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu. Idan aka siffanta maka abin, ya zo daidai da siffar, ciniki ya lizimce ka. Idan ya saɓa, kana da zaɓi. Ke nan siffa ita ce ma'auni. Wanda ya ce "ka samo mini mai kyau" ya yi shiru, bai bar wa kansa ma'auni ba. A faɗi kamfani da shekara, da irin inji da giya, da kilomitar da ta ci, da ko ta taɓa haɗari, da lambar shasi. A rubuta, ko a ajiye saƙon muryar da aka yi maganar a ciki. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka yi umarni da kafa shaidu idan an yi ciniki.

Mas'ala ta biyu: wanene ke da hasara idan ta lalace a hanya? A nan sai a bambance abu biyu. Idan mutumin can mai sayarwa ne, motarsa ce ya sayar maka, to a mashhurin mazhaba lamuninta na kansa har sai ka karɓa, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka. Kuma malamanmu sun hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin isowar kaya idan wurin na da nisa, domin kuɗin sun zama ba a san matsayinsu ba: in kaya sun iso farashi ne, in ba su iso ba rance ne. Wanda ya biya don ganin damarsa, ba tare da sharaɗi ba, babu laifi. Idan kuwa wakilinka ne, ka ba shi kuɗi ya saya da sunanka, to tun ranar da ya saya motar taka ce, shi amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya saɓa abin da ka umarce shi. Haka direban da ya ɗauko: ba ya lamuni sai da sakaci ko ƙetare iyaka, kamar ya sauke ta ya yi haya da ita, ko ya musanya mata batir. Yawancin rigimar da ake kawo mana, mutanen ba su taɓa zama sun tantance ba, mai sayarwa ne wannan ko wakili.

Mas'ala ta uku ita ce ranar isowa, kuma ita ce zuciyar darasin. Gani ya kori ji. Duk haƙƙin da muka lissafa, a wannan sa'a yake tabbata ko ya ɓace. Ga nasiha, daga abin da masu sana'ar suka sani.

Kada ka karɓa da dare, ko cikin gaggawar shan ruwa. In ta iso da magariba, a kulle ta, a kwana, a duba da safe. Ka zo da makanikin da ba shi da rabo a cinikin, ka biya shi ladansa, ka zo da shaidu biyu, direban kuma yana tsaye. Kafin a sauke ta a kewaye ta ana ɗaukar hoto, a gwada da hotunan ranar lodi. Gilashin da ya tsage ko ƙofar da ta lotsa a hanya, a nan ake gane su.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, ana samunsu a gindin gilashin gaba da jikin ƙofar direba. A karanta su ɗaya bayan ɗaya, a gwada da takardun duwan da sauran takardun motar. In harafi ɗaya ya saɓa, a dakata. Motar sata ko wadda ba a biya mata duwan ba, a hannunka za a kama ta.

Sai inji. A taɓa shi a tabbata da sanyinsa kafin a tayar, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. A buɗe murfin baƙin mai: in an ga abu fari-fari kamar madara, alama ce ruwa na shiga mai. A murza makulli ba a tayar ba, a ga fitilun gargaɗi na gaban direba sun kama duka, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an kashe ta ne don kada ta tona asiri. A dubi hayaƙin salansa: shuɗi yana nuna tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwa.

Sai jiki. A bi shi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cike wurin an shafe da fenti. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a shinshina, laka da warin danshi alamar ambaliya ce. A kai ta rami a duba ƙarƙashi, domin a ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a kan hanya lokacin ƙanƙara, kuma gishiri na cin ƙarfe. A gwada abin da agogon kilomita ya nuna da yadda sitiyari da abin taka birki suka side. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai goge ba, kwaltar bazara na iya fasa ta. A ƙirga safaya da jak da makulli na biyu. Daga nan a hau ta tare da makaniki, a gwada birki da giya. Abin da aka gani a rubuta a takardar karɓa kafin a sa hannu, a kira mai sayarwa nan take, shaidu na ji.

Wani zai ce wannan ai munana zato ne ga Musulmi. A'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Manzon Allah da kansa ya bi ta kasuwa ya ga tarin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka a ciki, ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya barranta daga mai algus. Muslim ne ya ruwaito. Wanda ya fi kowa kyautata zato ya sa hannu ya duba. Binciken nan kariya ne ga wakilinka da direba ma, domin shi ke wanke mai gaskiya daga zargin da zai taso bayan wata guda.

Mas'ala ta huɗu: in aibi ya bayyana daga baya. Buhari da Muslim sun ruwaito hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a kasuwa. An ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Mayar da agogon kilomita baya, da zuba mai mai kauri don a danne ƙarar inji, ɗaurin hantsa ne na wannan zamani. Aibin da ya girmi ciniki, aka ɓoye maka shi, kuma yana rage daraja, kana da ikon mayarwa saboda shi. Amma da sharaɗi. Malamanmu sun ce wanda ya ga aibin dabba sannan ya ci gaba da hawanta a gari ba da larura ba, ya nuna ya yarda, haƙƙinsa ya faɗi. To wanda ya ga aibin mota ya yi shiru, ya yi yawon Salla da ita, bayan wata biyu ya zo yana neman a karɓa, ya makara. In kuma wani sabon aibi ya same ta a hannunka kafin ka gano tsohon, kana da zaɓi biyu: ka riƙe a biya ka ragin tsohon, ko ka mayar ka biya ragin sabon.

Yanzu gare ku, masu sayarwa da dillalai da direbobi. A hadisin Hakim ɗan Hizam an sanar da mu cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, ƙarya da ɓoyewa kuma suna shafe ta. Algus a buhun gero ciki yake cuta. Algus a birki da taya rai yake ɗauka, kuma ba ran mai saye kaɗai ba, har matarsa da ƴaƴansa da mai tafiya a gefen hanya. Kana azumi, bakinka ya bushe tun asuba, sannan ka rantse da Allah cewa ba ta taɓa haɗari ba alhali kai ka kai ta wurin mai fenti? Ka faɗi aibin, ka rage farashi, abin da ya saura halal ne. In ɗan'uwanka ya dawo yana nadama ya roƙi a warware ciniki, ka sani Abu Dawuda ya ruwaito cewa mai yin haka Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Kai kuma mai tambaya, in motarka ta iso, ka ba direba masauki da abin buɗa-baki, ka ce masa sai da safe. Ka kira ɗan'uwan da ya saya maka ka gode masa, ka gaya masa gobe za a duba gaban shaidu don kowa ya huta. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Allah ya tsarkake dukiyarmu daga haram, ya tsare matafiyanmu, ya gyara tsakanin ƴan'uwan da ciniki ya raba, ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗora a kan hukuncin jingina. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.