Mai Gaskiya Da Ya Faɗi Shari'a: Jawabi Kan Korar Ɗan Haya



Daga kasuwar Maraɗi zuwa ta Tsibirin Gobir da ta Jiratawa, kukan masu shaguna guda ne. Ɗan haya ya share watanni bai biya ba, an kai shi kotu, sai alƙali ya yi watsi da ƙarar. Nan take a ce an sayi shari'a. Sau da yawa kuwa ba kuɗi ne suka yi aiki ba, takardar mai shago ce ta zo da aibi.

Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA a 1993. Saboda haka hayar shago, ko sito, ko wurin sana'a, tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta bai ɗaya, wadda aka sabunta a Lome a 2010. Gidajen kwana kuwa dokar ƙasa ce ke kula da su. Aya ta 133 ta shimfiɗa hanyar kora dalla-dalla.

Kafin zuwa kotu, wajibi ne a aika wa ɗan haya takardar gargaɗi ta hannun ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, ko ta wata hanya mai tabbatar da cewa ta isa hannunsa. Faɗa da baki a zaure, ko aiken yaro, ba ya barin shaida.

Dole takardar ta ambaci sharaɗin da aka saɓa, wato kuɗin hayar da ba a biya ba. Dole kuma ta sanar da shi cewa idan wata guda ya cika daga ranar da ya karɓe ta bai biya ba, za a nemi kotu ta warware hayar ta fitar da shi. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan ya rushe takardar. Wanda ya garzaya kotu kafin watan ya cika, ƙararsa ba ta karɓuwa. Idan ɗan hayar yana da masu bin sa bashi da suka yi rajista, su ma sai an sanar da su.

Mai shago da ya fusata ya ɓalle ƙofa, ko ya zubar da kaya a titi, ya ɗauki doka a hannunsa, kuma yana iya komawa mai biyan diyya. Ɗan haya shi ma kada ya yi guɗa, domin rushewar takarda ba ta yafe bashi. Sabuwa za ta zo, lissafi kuma yana ƙaruwa. Sulhu a fadar Sarkin Gobir ko gaban mai unguwa abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin hukuncin kora.

Wata gudan nan dokar ta ba mai rauni damar biya kafin ya rasa wurin neman abincinsa. Mai haƙƙi da ya jure shi, ya rubuta takardarsa daidai, shi ne zai fito kotu da mabuɗin shagonsa.

Allah ya sa a gane. Wassalam.