Zuwan Sufeto Makarantar Firamare da Aikin da Ke Biyo Bayansa

Wannan jawabi ya shafi iyayen yara da malaman firamare na unguwar Pantami a cikin garin Gombe, da sauran unguwanni masu kama da ita, a kan aikin duba makarantu da amfanin da ake nema daga gare shi.

Duba makarantu tsohon aiki ne a ƙasar nan. Dokar ilmi ta 1882 ce ta fara tanadar sufeton makarantu a yankunan Afirka ta Yamma da Ingila ke mulka. A nan Arewa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ya komo daga ƙaro ilmi a Landan a 1946, ya yi aikin duba makarantu a Lardin Bauci, wanda ƙasar Gombe ke cikinsa a wancan zamani. Gwamnatin Tarayya kuwa ta kafa nata sashen sufetoci a 1973, shekara uku kafin a buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976. A yau makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004. Hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, da ofishin Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma su ne mafi kusa da su, su ne kuma masu aika jami'an da ke zagaya su.

Dattawan malamai ba su manta yadda zuwan sufeto yake a da ba. Da zarar labari ya iso, sai a share fili, a shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, a cike littafin shirin darasi na mako shida a dare ɗaya, a zaɓi yara masu ƙoƙari a zaunar da su a bencin gaba. Sufeto ya zo ya ga makaranta fes, ya sa hannu a littafin baƙi ya tafi. Kashegari kome ya koma yadda yake. Wanda aka cuta a wannan wasa shi ne yaron bencin baya, wanda ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba, aka kuwa ɓoye shi daga mutum ɗaya da aka aiko musamman don ya gano shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka aka sake tsarin aikin. Manufar da ake bi yanzu ita ce tabbatar da ingancin ilmi, kuma tana farawa ne daga cikin makarantar kanta. Hedimasta da malamansa za su zauna su auna kansu: yara nawa ke zuwa kullum, nawa suka daina, wane aji ne ya yi rauni a karatu, wanne a lissafi. Daga nan su rubuta shirin ci gaban makaranta. Jami'in da ya zo daga waje aikinsa ya gwada abin da makaranta ta faɗa game da kanta da abin da idonsa ya gani.

Sufeton kirki ba ya ƙare yininsa a ofishin hedimasta. Zai isa da sassafe, ya ga lokacin da malamai ke shigowa. Zai ɗauki rajista ya ƙirga kawunan da ke cikin aji, domin suna a takarda daban, yaro a benci daban. Zai zauna a bayan aji har darasi ya ƙare, ya lura ko malami yana tambayar 'yan mata kamar yadda yake tambayar maza. Zai buɗe littattafan aikin yara ya ga ranar ƙarshe da jan biro ya taɓa su. Sa'an nan ya kira yaro da kansa, ba wanda malami ya nuna ba, ya ba shi littafi ya karanta. Bayan haka ya duba makewayi da ruwan sha da rufin ɗakuna.

A Pantami akwai abin da dole sufeto ya yi la'akari da shi. Tun da Gombe ta zama hedkwatar jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ke cika yana batsewa, kuma rikicin Arewa maso Gabas ya kawo iyalai masu yawa daga Borno da Yobe. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Inda aji ya ninka wannan adadi, ba adalci ba ne a rubuta cewa malami ya gaza a tsaya nan. Sai a rubuta yawan yaran, a kuma nuna wa malamin dabarar da zai iya yi da abin da ke hannunsa, kamar raba aji rukuni-rukuni, masu karatu su taimaki waɗanda ke kan baƙaƙe.

To, rahoto ya fito. A nan ne yawancin aikin ke mutuwa, domin takarda ce mai sauƙin jefawa a durowa. Abin da ya kamata shi ne hedimasta ya tara malamai cikin makon nan, a karanta rahoton a fili, a ɗauki abu biyu ko uku a fara da su. A ɗauka sufeto ya tarar rabin 'yan aji uku ba su iya karanta gajeren labari ba. Sai a ware rabin sa'a kowace safiya don karatu, a ba malami ɗaya alhakin lura da shi, a gwada yaran ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen kowane wata, a rubuta sunayen waɗanda suka haye da waɗanda suka rage. Wannan ba ya bukatar kwabo daga Abuja. Makarar malamai da rashin duba aikin yara ma haka suke, maganinsu yana hannun hedimasta.

Wasu abubuwa kuma na unguwa ne. Kowace makaranta ana son ta kasance da kwamitin kula da ita, mai ɗauke da mai unguwa da iyaye maza da mata da malaman addini da tsofaffin ɗalibai. Idan rajista ta nuna 'yan mata na raguwa daga aji biyar, ko yara na tafiya talla a lokacin darasi, sufeto ba zai shiga gidaje ba, amma 'yan kwamiti za su iya. Hakkinsu ne a karanta musu rahoton da Hausa.

Gina aji da ɗaukar malamai da sayen benci suna wuyan hukuma. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta zuba nata kason a ayyukan gine-gine. Gwamnatin Jihar Gombe ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2019. Rahoton sufeto shi ne shaidar da makaranta za ta riƙe ta kai wa Sakataren Ilmi, ta ce ga adadin yaranmu, ga ɗakin da iska ta yaye.

Su ma masu duba makarantu akwai gyara a kansu. Jami'in da ya ɗauki kansa alƙali, ya tsawata wa malami a gaban yara, ya rufe bakin da zai gaya masa gaskiya. Wanda kuma ya zo sau ɗaya bai sake leƙowa ba ya koya wa makaranta cewa rahotonsa ba abin damuwa ba ne. Idan ya dawo, tsohon rahoto zai fara buɗewa, ya nemi takardar sunayen 'yan aji uku da aka gwada wata-wata, ya kira biyar daga cikin waɗanda aka ce sun haye, ya miƙa musu littafi.