Zufar da Ta Wuce Kima

Zufa a watan Maris ba cuta ba ce. Amma akwai wanda tafinsa ke jiƙa takardar kuɗi ko cikin hunturu, har ya riƙa gudun musabaha. Ya fara da maganin shafawa. In abin ya ci tura, akwai allurar Botox, mai tsayar da zufar hannu ko hamata kimanin wata 6, ga tsada. Aikin likitan fata ne, ba na mai tallar magani a tasha ba.

Wanda kuwa zufa ke jiƙa masa shimfiɗa da dare, ga rama, ga tari fiye da mako 2, ya garzaya asibiti a gwada kakinsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a Benin.