Ƙwayar Cuta Ma Tana da Garkuwa

A 1985 masana a Amurka suka gano cewa ƙwayar Salmonella, dangin mai kawo taifot, tana da wani furotin mai suna OxyR. Da ya ji ɗigon sinadarin haidirojin feroksaid, sai ya tada ƙwayoyin gado su ƙera katalas, mai farfasa gubar ta koma ruwa da iskar oksijin. Ƙwayar da ta sha kaɗan ta tsira, daga baya takan jure mai yawa. Kulorin ma yakan tada irin wannan garkuwa. Saboda haka, idan za ku zuba shi a randa, ku cika ma'aunin da ma'aikatan lafiya suka faɗa, ku jira minti 30 kafin ku sha.